Daƙiƙa goma masu cin dukiya: yadda Amurkawa ke maida tsohuwar mota ta tsere

A cikin watan Yuni na shekara ta 2014, a birnin Siyatil na ƙasar Amurka, kamfanin Mecum ya yi gwanjon wata tsohuwar mota ƙirar Plymouth Hemi Cuda wadda aka ƙera tun shekara ta 1971. Da mai gwanjo ya buga guduma, ciniki ya faɗa a kan dala miliyon 3 da rabi. Dalar Amurka fa ake magana, ba dalarmu ta kasuwa ba, domin a canjin wancan lokaci kuɗin ya haura miliyar 1 da miliyon 600 na sefa. Abu biyu suka kai motar ga wannan daraja. Na farko, irinta mai buɗaɗɗen rufi da aka ƙera a wannan shekara ba su kai guda 20 ba. Na biyu, injin da ta fito da shi daga masana'anta yana nan cikinta, ba wanda ya taɓa musanya shi.

To amma a can Amurka ɗin dai, akwai dubban mutane waɗanda in tsohuwar mota ta wancan zamani ta shigo hannunsu, abin da suke fara nema shi ne zarton ƙarfe da na'urar walda. Su fidda kujeru, su yanke gindin mota, su sauke inji su ɗora wani, duk domin ta cinye mita 402 cikin daƙiƙa goma, wato kashi ɗaya cikin shida na minti guda. Ɗan kasuwar da ya ji haka zai ce ai wannan ɓarnar dukiya ce, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai aikin yana da lissafinsa, irin lissafin da duk mai saye da sayarwa zai gane nan take: kowace daƙiƙa da aka rage a gudun motar, da wani abu aka saye ta, kuma daƙiƙar gaba kullum ta fi ta baya tsada. Jama'a, bari mu leƙa garejin waɗannan mutane mu ga abin da suke biya.

Motoci masu ƙwanji

Sunan da Amurkawa ke kiran irin waɗannan motoci da shi, in aka maida shi Hausa, zai zama "mota mai ƙwanji". Dabarar ba ta da wuya: a ɗauki matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a ɗora mata ƙaton inji mai silinda 8 wanda aka yi domin manyan motoci, a sayar wa samari a farashin da za su iya. Yawancin masu bin tarihin motoci sun ce Pontiac GTO ta shekara ta 1964 ce ta buɗe wannan kasuwa. A lokacin, uwar kamfanin, wato General Motors, ta hana a saka babban inji cikin matsakaiciyar mota. Sai wani injiniya mai suna John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye dokar, suka ce babban injin ƙari ne kawai da mai saye yake zaɓa in yana so. Injin lita 6,4 suka saka mata, kuma a shekarar farko an sayar da fiye da guda 32.000.

Lita a nan ba yawan isansin da tanki ke ɗauka ake nufi ba, girman cikin silindojin inji ne. Ƙananan motocin da muka saba gani a tasha, irin su Toyota Corolla, nasu ba ya wuce lita 2.

Da sauran kamfanoni suka ga ciniki, sai kowa ya fito da hajarsa. Ford ya kawo Mustang da Torino, Chevrolet ya kawo Chevelle da Camaro, shi kuma Chrysler ya kawo Dodge Charger da Plymouth Road Runner. Baƙar motar nan da samari da dama suka gani a fim ɗin The Fast and the Furious na shekara ta 2001, Charger ce ta 1970. Chrysler ne kuma ke da injin da ya fi kowane suna, wanda ake kira Hemi, mai lita 7 da ƙarfin doki 425 a rubuce, aka riƙa saka shi cikin motocin hawa daga 1966 zuwa 1971.

Kasuwar ba ta yi tsawon rai ba. A shekara ta 1970 gwamnatin Amurka ta tsaurara dokar hayaƙin motoci, kamfanonin inshora suka tsawwala wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi, sannan a shekara ta 1973 ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka man fetur. Motar da ke shan isansi kamar raƙumi ya samu rijiya sai ta zama kaya ga mai ita. Aka riƙa zubar da su da araha, samari marasa ƙarfi suka riƙa saye suna kai su filin tsere. Waɗanda suka tsira daga zarto da tsatsa, su ne a yau suka zama kayan tarihi masu tsada.

Fili mai tsawon mita 402

Tseren da ake shirya waɗannan motoci dominsa ba shi da kwana, ba shi da zagaye. Miƙaƙƙiyar hanya ce mai layi biyu, tsawonta kashi ɗaya cikin huɗu na mil, wato mita 402. Motoci biyu su jeru, su tashi daga tsaye, wadda ta riga isa ita ta ci. Bayan yaƙin duniya na biyu samarin jihar Kalifoniya a kan titunan gari suke wannan wasa da dare, ana samun haɗurra, ƴan sanda suna farautarsu. A shekara ta 1950 aka fara shirya tseren a wani filin jirgin sama na garin Santa Ana, sannan a 1951 wani ɗan jarida mai suna Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA domin a fidda wasan daga titi a maida shi cikin killataccen fili mai doka. Gasar ƙasa ta farko an yi ta a shekara ta 1955 a garin Great Bend na jihar Kansas.

A bakin layin tashi akwai wani ginshiƙi mai fitilu wanda suke kira bishiyar Kirsimeti, an fara aiki da shi a shekara ta 1963. Fitilu uku masu ruwan ɗorawa su kama, sannan koriya. Direban da ya yi azarɓaɓi ya motsa kafin koriya, jar fitila ce za ta kama masa, ya faɗi tun bai je ko'ina ba.

Motar gida ta yau da kullum tana cinye wannan fili cikin daƙiƙa 16 zuwa 18. Motoci masu ƙwanji, a yadda suka fito daga masana'anta, suna yin 13 zuwa 15. Burin mai gareji shi ne ya sauko da tasa zuwa 11, ko 10, ko ma ƙasa da haka.

Abin da Chrysler ya yi a shekara ta 1968

Wanda ke son ganin yadda ake wannan aiki, ya dubi abin da kamfanin Chrysler da kansa ya yi a shekara ta 1968, domin har yau sawunsa ake bi. Kamfanin ya ɗebi gangar jikin ƙananan motocinsa biyu, Dodge Dart kimanin guda 80 da Plymouth Barracuda kimanin guda 70, ya aika da su wurin kamfanin Hurst a jihar Mishigan, aka ce a cusa musu injin Hemi na tsere. Injin ya fi ƙarfin mazauninsa, saboda haka sai da ma'aikata suka sa babbar guduma suka lotsa ƙarfen gefe kafin ya shiga.

Daga nan aka bi motar ana rage mata nauyi. Murfin inji da ƙarafen da ke rufe tayoyin gaba an musanya su da na wata roba mai tauri marar nauyi. Ƙofofi an tsoma su cikin ruwan asid domin ƙarfen ya yi siriri. Gilasan gefe an sa masu kaurin da bai taka kara ya karya ba, kuma babu marikin murɗawa, da ɗamara ake jan gilashi sama. Kujerar baya an cire, ta gaba an ɗauko ƴan ƙanana daga wata ƙaramar motar ɗaukar kaya. Babu rediyo, babu na'urar ɗumama ciki duk da sanyin ƙasar. Batir an ɗauke shi daga gaba an kai shi ma'ajin kaya na baya. Ko fenti ba a yi musu ba, da shafen farko mai ruwan toka aka miƙa su ga masu saye, tare da gargaɗin cewa babu garanti, kuma ba domin hawa titi aka yi su ba. Nauyin kowace bai kai kilo 1.400 ba, kuma da ɗan gyara kaɗan suka shiga sahun daƙiƙa 10. Direbobi irin su Ronnie Sox da Dick Landy sun yi suna da su.

Ga farashin farko ke nan: jin daɗi. Motar da ba ta da kujerar baya ba za ta kai iyali biki ba, wadda ba ta da salansa kuwa maƙwabta ba za su bari a tayar da ita da asuba ba. Masu tsere suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk kilo 45 da aka rage, an samu kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan ita ce daƙiƙar da ta fi araha, domin cirewa ake yi, ba saye ba.

Daga taya ake farawa

Sabon shiga yakan ɗauka cewa inji ne farkon abin saye. Tsofaffin hannu kuwa daga ƙasa suke farawa, domin ƙarfin da bai taka ƙasa ba hayaƙi ne kawai. In aka ɗora doki 600 a kan tayoyin gida, tayoyin za su yi ta juyawa wuri guda, abokin karawa ya yi gaba ya bar ka da ƙauri.

Tayar baya ta tsere faffaɗa ce, mai laushi, kuma ba ta da zane ko ɗaya. A kasuwanninmu suɗaɗɗiyar taya ba ta da daraja, a can kuwa sabuwa fil ake ƙera ta a suɗe, domin duk faɗinta ya kwanta a kan kwalta. Iskar da ake sa mata ba ta kai rabin ta motar gida ba, har in mota ta tashi sai ka ga gefen tayar ya yamutse. Kafin tashi, direba yakan shigar da tayoyin baya cikin ɗan ruwa, ya riƙe birki ya ba da wuta har hayaƙi ya turnuƙe, domin robar ta yi zafi ta yi danƙo. Ita kanta hanyar ana fesa mata wani ruwa mai kama takalmi.

Sai maganar inda nauyi yake. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken da aka yi wa lodi a baya har ta nemi ɗaga jaki sama, ya riga ya gane dabarar. Mai tsere yana son nauyin mota ya koma kan tayoyin baya a lokacin tashi domin ya danne su. Shi ya sa ake kai batir baya, ake sa ƴan siraran tayoyi a gaba, ake kuma zaɓen shakazoba ta gaba mai saurin miƙewa. Wata motar in ta tashi, tayoyin gaba a sama suke har ta yi ƴan mitoci. Na'urar fili tana auna lokacin da mota ta ɗauka a mita 18 na farko, kuma masu tsere sun ce abin da aka samu a nan yakan kusa ninkawa a ƙarshen fili.

Yawancin waɗannan motoci, irin su Dart da Mustang, ba su da cikakken shasi daga gaba zuwa baya, gangar jikin ce ke ɗauke da kanta. In ƙarfin inji ya yi yawa sai jikin ya murɗe har ƙofa ta ƙi rufuwa. Maganin abin shi ne a yi waldar ƙarafa biyu masu kauri a ƙarƙashi, su haɗe gaba da baya. Aksul ɗin baya ma sai an canza. Wanda aka fi nema shi ne na kamfanin Ford mai inci 9, da aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, har masu Chevrolet ma shi suke sakawa ba tare da kunya ba. A cikinsa ake canza haƙora yadda farfela za ta juya kusan sau 5 kafin taya ta juya sau ɗaya, alhali a motar hawa kusan sau 3 ne. Wannan yana ba da ƙarfin fizga, amma a doguwar tafiya injin zai yi ta kuka yana shan mai.

Idan kuma tayar da ake so ta fi faɗin mazauninta, sai a yanke ƙasan motar daga baya, a gajarta aksul, a ƙera wa tayoyin sabon gida. Daga wannan rana motar ta yi ban kwana da kasuwar kayan tarihi.

Inji da lissafinsa

Inji maƙeri ne, abincinsa iska da mai. Duk gyaran da ake masa domin ya shaƙi iska mai yawa ne, ya kuma fitar da hayaƙi ba tare da cikas ba. Ana sa babbar kafireta, wani lokaci biyu, ko na'urar fesa mai ta zamani. Ana canza sandar da ke buɗe bawul domin su buɗe sosai su kuma daɗe a buɗe, shi ya sa za ka ji injin tsere yana tari yana girgiza in yana tsaye. Ana sa fistan masu matse iska da ƙarfi, abin da ke sa isansin gidan mai ya kasa, sai an nemi na musamman mai tsada. Wanda bai ƙoshi ba sai ya ɗora wa injin wata na'ura mai aikin zugazugi, tana tura masa iska da ƙarfin tsiya, ko ya sa kwalbar wata iskar gas irin wadda likitocin haƙori ke aiki da ita, wadda ke ƙara doki 100 ko 200 da danna maɓalli guda. Ita wannan kwalba araha gare ta, amma in ma'aunin mai ya kuskure sai fistan ya narke.

A wajen giya, da yawa sun fi son mai canza kanta, musamman wata tsohuwa ta kamfanin General Motors mai suna Powerglide wadda giya biyu kacal gare ta. Hujjarsu ita ce duk canjin giya ɓata lokaci ne, kuma hannun mutum ba ya yin abu iri ɗaya sau biyu.

To ga inda lissafin yake. Bisa ga ƙiyasin da masu tsere ke aiki da shi, mota mai nauyin kilo 1.500 tana buƙatar doki kusan 400 domin ta yi daƙiƙa 12. In ana son ta yi 10, sai an nemo kusan 650. In kuwa 8 ake so, sai kusan 1.300. Ke nan daƙiƙa biyun farko sun ci doki 250, biyun da suka biyo baya sun ci 650. Kuma dawakin ba su kaɗai suke zuwa ba. Da an ƙara ƙarfi, sai abin da ya fi rauni ya karye: yau farfela, gobe haƙoran giya, jibi aksul. Kowane ƙari yana jawo wani saye a bayansa, kamar mai shagon da ya ƙara haja ya tarar sai ya ƙara rumfa da mai gadi.

Kejin ƙarfe

Akwai kuɗin da ba ya ƙara gudu ko kaɗan, amma in ba a kashe shi ba, ba za a bar mota ta shiga fili ba. Dokokin NHRA suna hawa ne kamar matakala, gwargwadon saurin mota. Ga tsofaffin motoci, wadda ta yi daƙiƙa 13,99 ko ƙasa da haka, dole direbanta ya sa hular kwano. In ta kai 11,49, dole a yi waldar wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe a bayan kujerar direba, a sa ɗamara mai rassa biyar wadda ake sabunta ta duk shekara biyu, direba kuma ya sa rigar da wuta ba ta saurin ci. In ta kai 9,99 ko gudun kilomita 217 a awa, sai an gina cikakken kejin ƙarfe ya kewaye direba, masu bincike su duba su manna shaida, shi ma direban sai ya samu takardar izini ta musamman. In ta kai kilomita 241 a awa, birki kaɗai bai isa ba, sai an ɗaura mata laima a baya irin ta masu dira daga jirgin sama. Wanda ya maida batir baya kuma dole ya sa makunni a wajen mota, yadda masu ceto za su iya kashe wutar daga waje.

Waɗannan dokoki da yawansu bayan an yi rashi aka kafa su. A cikin watan Yuni na shekara ta 2008, wani shahararren direba mai suna Scott Kalitta ya rasu a filin Englishtown na jihar Niyu Jasi, bayan injinsa ya fashe da wuta, motar ta kasa tsayawa a ƙarshen fili. Daga nan aka rage wa manyan azuzuwa biyu mafiya gudu tsawon tsere zuwa mita 305. Su waɗannan ba motocin hawa ba ne tun asali, ƙarfinsu ya kai doki 11.000, suna kuma wuce kilomita 530 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Tsofaffin motoci masu ƙwanji kuwa suna nan a kan mita 402.

Ba a tauna taura biyu

Yanzu mu koma kan maganar da ta fi shafar ɗan kasuwa. Kamar yadda mai sayen mota daga Kwatano yake duba lambar shasi ya gwada da ta takarda, haka masu tara tsofaffin motoci a Amurka suke duba lambar da aka buga a jikin inji da akwatin giya, su gwada da ta motar. In lambobi sun dace, farashi ya yi sama. In an taɓa musanya inji ko an yanke ƙarfe, farashi ya faɗo, kuma walda ba ta maido shi. A ɗaya ɓangaren, kuɗin da aka zuba cikin motar tsere ba kasafai yake dawowa ba ranar sayarwa, domin mai saye yana ganin kayan da aka wahalar ne, ba ya ganin rasit. Wanda ya yanke mota mai daraja ya yi asara biyu ke nan, ta uwar kuɗi da ta aikin da ya zuba.

Saboda haka masu hankali suna da hanyoyinsu. Wasu suna neman ƴar uwar motar wadda ta fito da ƙaramin inji mai silinda 6, irin wadda aka ƙera dubbai, kamanni ɗaya amma ba tarihi. Wasu su sayi gangar da tsatsa ta riga ta ci. Wasu kuma su sayi sabon jiki dungurungum, domin akwai kamfani mai suna Dynacorn da ke ƙera gangar Camaro da Mustang na wancan zamani da izinin masu su. Wanda kuma ya nace sai ya yi tsere da mota mai asali, yakan sauke injinta ya adana shi a ɗaki, ya ɗora wani, ya kuma tsaya ga gyaran da ake ɗaurawa da noti, wanda za a iya kwancewa gobe.

Wani abin mamaki shi ne, motocin nan na Hurst da aka lotsa da guduma, a yau su ma kayan tarihi ne, ana gwanjonsu a kan dubban ɗaruruwan dalar Amurka, domin su tsere ne asalinsu. Tun shekara ta 2001 ake ware wa irinsu gasa ta musamman a babban taron shekara-shekara na birnin Indiyanapolis, inda suke yin daƙiƙa 8 da ɗoriya. Da yawa daga cikin waɗanda ke shiga gasar kwaikwayo ne aka gina, ba na asalin ba. Kamfanin Dodge ma ya sake waiwayar wannan dabara a motarsa Challenger Demon ta shekara ta 2018, wadda a lokacin ake iya saye da kujerar direba kaɗai. Mai son kujerar fasinja a lokacin sai ya ƙara dalar Amurka guda, kuɗin da bai kai jika ɗaya ba. An daina ƙera Challenger a cikin watan Disamba na 2023.

Mai ƙaramin ƙarfi ma yana ci

Da a ce kullum wanda ya fi gudu ne ke ci, da wasan ya zama na attajirai su kaɗai. Shi ya sa a yawancin ƙananan filaye ake bin wani tsari daban. Kafin tsere, kowane direba zai rubuta a gilashin motarsa lokacin da yake ganin za ta yi. In ɗaya ya rubuta 13 ɗayan ya rubuta 10, sai a kunna wa na farko koriyar fitila daƙiƙa 3 kafin na biyu, yadda in kowa ya cika alkawari tare za su isa. Wanda ya yi gudu fiye da abin da ya rubuta, ya faɗi. A wannan tsari, wanda ya san motarsa, ya san yadda zafin rana da sanyin dare ke canza ta, ya kuma iya karatun fitila, shi ke tafiya gida da kyauta, ko da abokin karawarsa ya fi shi doki 500.

Kuma ba wasan maza ba ne su kaɗai. A shekara ta 1966, a garin Pomona na Kalifoniya, Shirley Shahan ta zama mace ta farko da ta ci babbar gasar NHRA, da mota Plymouth mai injin Hemi. Shirley Muldowney ta zama zakarar ajin da ya fi kowane gudu har sau uku, a 1977 da 1980 da 1982. Erica Enders kuwa daga 2014 zuwa 2023 ta ɗauki kambin ajinta sau shida. Fitilar tashi ba ta tambayar ko waye ke riƙe da sitiyari.

Ƴan uwa, iyaye maza da mata, ƴaƴanmu suna ganin hayaƙin tayoyin nan a fim da wayar salula, wasunsu har suna gwadawa da motar gida ko babur ranar ɗaurin aure, a tsakiyar jama'a. Abin da fim ba ya nuna musu shi ne katangar kankare da ke gefen fili, da motar asibiti da ta kashe gobara da ke tsaye a shirye, da kejin ƙarfe, da mai binciken da ke da ikon maida mota gida saboda ɗamarar da ta wuce wa'adi. Su kansu Amurkawan da suka ƙirƙiro wasan, tun shekara ta 1951 suka gane cewa titi ba wurinsa ba ne. In yaro ya nemi makullin mota domin ya burge abokai, a tambaye shi wanne daga cikin waɗannan ya tanada. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a kasuwa.